Yadda Ake Haɗa Wayoyin Fawa Saflai da Madabod Ba Tare da An Ƙona Komai Ba

Wanda ya sayi kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya domin ya harhaɗa da hannunsa yakan ɗora firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da RAM, ma'ajiyarta ta wucin gadi, cikin natsuwa, sai ya zo kan akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa saflai, ya tarar da tulin wayoyi baƙaƙe masu kawuna iri-iri, daga nan hankalinsa ya fara rabuwa. Aikin wannan akwati shi ne ya karɓi wutar bango, wadda a Najeriya da Nijar take kusan bolt 220 zuwa 230, ya mayar da ita ƙananan wutar da kayan ciki ke aiki da ita, wato bolt 12 da bolt 5 da bolt 3.3. Kowane kan waya yana ɗauke da wani haɗi na waɗannan wutar a cikin wani tsari na musamman, kuma kowane soket da ke jikin babban allon kwamfuta, wato madabod, yana jiran wannan tsarin ne daidai, ba waninsa ba.

Akwai maganar da ake yawan faɗa wa sabon shiga, cewa kada ya damu domin kowane fulogi wuri ɗaya kawai yake shiga. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin an ƙera ramukan fulogin da siffofi biyu, wasu murabba'i ne sak, wasu kuma an ɗan sare musu kusurwa biyu, ta yadda idan aka juya shi baibai ba zai shiga ba. Amma robar da aka yi su da ita tana da ɗan taushi, hannun mai gaggawa kuma yana da ƙarfi, sannan akwai wayoyin da ke shiga lafiya lau ba tare da an matsa ba alhali tsarin wutar da ke cikinsu ya saɓa. Saboda haka shigar fulogi cikin soket ba hujja ba ce cewa wurinsa ke nan. Hujjar ita ce rubutun da ke jikin fulogin, da rubutun da ke gefen soket ɗin, da abin da ɗan littafin madabod ya nuna.

Kafin a taɓa kowace waya

Ka zare wayar bango daga bayan fawa saflai gaba ɗaya, kada ka wadatu da kashe kwamfutar. Dalili kuwa shi ne akwai layi ɗaya mai bolt 5 da ke ci gaba da aiki muddin akwatin yana jone da wuta kuma makunninsa na baya yana kunne, shi ne ke sa wasu ƙananan fitilun madabod su ci gaba da haske bayan an kashe na'ura. Bayan ka zare, ka danna maɓallin kunna kwamfuta na ɗan lokaci domin ragowar wutar da ke ciki ta zube. Shi kansa akwatin wutar ba a buɗe shi, domin manyan kafasitocin da ke cikinsa, wato sassan da ke tara wuta, suna riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi daga bango.

Idan fawa saflai ɗin tsoho ne, musamman wanda ya fito daga cikin kwamfutar hannu da aka shigo da ita daga Amurka, ka duba bayansa ko akwai wani ɗan jan makunni da ake turawa gefe, mai rubutun 115 da 230. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, don haka sau da yawa ana samun makunnin a kan 115, kuma wanda ya jona shi haka a wutar NEPA ko ta janareto zai ji ƙara da warin ƙuna nan take. Sababbin akwatunan wuta masu inganci ba su da wannan makunni, domin suna daidaita kansu tsakanin bolt 100 zuwa 240.

Sai ka shimfiɗa wayoyin duka a kan tebur, ka karanta abin da aka rubuta a kan kowanne, ka kuma ƙirga soket-soket ɗin wuta da ke jikin madabod da katin hoto (wanda ke sarrafa hotunan da ke fita a allon kallo) da faifan ajiya. Wannan ƙirga ta minti biyar ita ce za ta gaya maka tun da wuri ko akwatin da ka saya yana da duk kawunan da kake buƙata, maimakon ka gano gibin bayan ka ɗaure komai a cikin kwangon kwamfutar.

Babban fulogi mai rami 24

Shi ne mafi faɗi a cikin wayoyin, ba ya ɓuya. Soket ɗinsa galibi yana gefen dama na madabod, kusa da ramukan RAM, kuma kowane kamfani da irin sunan da yake rubutawa a gefensa: Asus kan rubuta EATXPWR, MSI kan rubuta ATX_PWR1, wasu kuma ATX kawai. Tsarin ATX, wato ƙa'idar da wannan fulogi ke bi, kamfanin Intel ne ya fito da shi a 1995, kuma a lokacin fulogin rami 20 gare shi. An ƙara huɗu a 2003 domin a samu isasshiyar wuta ga ramin PCI Express da ke tafe, wato ramin da katin hoto ke zama a ciki, shi ya sa har yau za ka ga wasu akwatunan wuta fuloginsu ya rabu gida biyu, mai 20 da ɗan ƙarami mai 4 da ke maƙale a gefensa. Idan naka haka yake, ka haɗa su biyun su zama abu ɗaya kafin ka tura, domin ɗan ƙaramin yana da wani leɓe da ke shiga ƙarƙashin babban, kuma idan ka fara tura babban shi kaɗai, ƙaramin ba zai zauna daidai ba.

A gefe ɗaya na fulogin akwai ƙugiyar roba, a gefe ɗaya na soket ɗin kuma akwai ɗan tudun da ƙugiyar ke kamawa. Ka daidaita su biyun, ka sa yatsun ɗaya hannun a ƙarƙashin gefen madabod domin kada allon ya lanƙwashe, sannan ka tura a miƙe, kana ɗan karkaɗa shi hagu da dama, har ka ji ƙugiyar ta ce ƙas. Wannan fulogi yana da tauri, musamman idan sabo ne, kuma mutane da yawa sukan tsaya tun bai ƙarasa shiga ba saboda tsoron kada su karya allon. Ka haska tocilan ka duba ta gefe: bai kamata a ga wata tazara tsakanin bakin fulogin da bakin soket ɗin ba, daga wannan ƙarshe har wancan.

Ɗan ƙaramin mai rami 4 da ke rabuwa daga babban ba shi ne fulogin firosesa ba, ko da yake girmansu ɗaya. A akwatunan da wayoyinsu ke da launi, bambancin a fili yake: na jikin babban fulogi yana da launi huɗu daban-daban, rawaya da ja da ruwan lemo da baƙi, na firosesa kuwa rawaya biyu ne da baƙi biyu. Yana da kyau mai wannan aiki ya haddace launukan nan, domin sun daɗe ba su canza ba: rawaya bolt 12, ja bolt 5, ruwan lemo bolt 3.3, baƙi kuma layin ƙasa ne, wato hanyar da wuta ke bi ta koma. Abin takaici, yayin ado ya sa yawancin sababbin wayoyi baƙaƙe ne ƙirin daga farko har ƙarshe, sai ya zama rubutun da ke jikin roba ne kaɗai ya rage maka.

Kama da wane ba wane ba ne

Nan ne wurin da ya fi cancantar a tsaya a yi bayani, domin nan aka fi yin ɓarna. Akwai kawuna biyu masu rami takwas-takwas, ɗaya na firosesa ne, ɗaya na katin hoto, kuma wanda ya riƙe su a tafin hannu ba zai ga wani bambanci ba sai ya ƙura ido.

Na firosesa an rubuta masa CPU ko EPS, kuma idan mai rabuwa ne, gida biyu daidai yake rabuwa, huɗu da huɗu. Soket ɗinsa yana can saman madabod ta hagu, a kusurwar da ke bayan firosesa, da rubutu irin EATX12V ko CPU_PWR1 ko ATX_12V. Asalinsa mai rami huɗu ne, wanda ya shigo tare da firosesar Pentium 4 a wajen 2000, lokacin da firosesoci suka fara jan wutar da babban fulogi ba zai iya ɗauka shi kaɗai ba, daga baya aka aro mai takwas daga tsarin manyan kwamfutocin da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, waɗanda ake kira saba. Na katin hoto kuwa an rubuta masa PCI-E ko VGA, kuma rabuwarsa shida da biyu ce. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta rarrabe su: huɗu da huɗu na firosesa, shida da biyu na katin hoto.

Abin da ya sa kuskure a nan yake da tsada shi ne tsarin wutarsu kishiyar juna ne. A fulogin firosesa, layin da ke kusa da ƙugiya shi ne mai bolt 12, rami huɗu cur, ɗaya layin kuma na ƙasa ne. A fulogin katin hoto kuwa, bolt 12 tana layin da ke nesa da ƙugiya, a rami uku kawai, sauran biyar na ƙasa ne da na shaida wa katin irin fulogin da aka jona masa. Wanda ya danna na katin hoto cikin soket ɗin firosesa ya aika wuta ta inda ya kamata ta dawo ke nan. Idan an yi sa'a akwatin wutar mai kariya ne, zai ƙi tashi kawai ko ya mutu da zarar an kunna. Idan ba a yi sa'a ba, sassan da ke daidaita wutar firosesa su ne za su ƙone, kuma gyaransu ba kasafai yake biyan kuɗinsa ba. Siffar ramukan ta bambanta domin a hana wannan, amma na ga fulogin da aka tura da ƙarfi har kusurwoyin robarsa suka murje ya shiga. Duk lokacin da ka ji fulogi mai takwas yana turjewa, ka tsaya ka karanta rubutun jikinsa kafin ka ƙara ƙarfi.

Tambayar da ke biyo baya ita ce ta madabod mai soket biyu na firosesa, takwas da huɗu, ko takwas da takwas, alhali fawa saflai ɗin waya ɗaya ta CPU gare shi. A mafi yawan lokuta soket na farko mai takwas ya wadatar, kwamfutar za ta tashi ta yi aiki lafiya, na biyun an tanade shi ne domin manyan firosesoci masu jan wuta sosai da masu ƙure gudun firosesa fiye da yadda aka ƙayyade. Idan kana da waya ta biyu ta CPU, ka jona, babu laifi. Idan ba ka da ita, ka bar soket ɗin a buɗe, kada ganin rami a buɗe ya ruɗe ka ka cike shi da wayar katin hoto. Idan kuma madabod ɗin ƙarami ne mai soket mai huɗu kawai, sai ka raba fulogin huɗu da huɗu ka sa rabin da siffarsa ta dace, ɗaya rabin ka naɗe shi gefe.

Wata shawara ta aiki: ka jona wannan waya tun kafin ka ɗora babbar na'urar sanyaya firosesa, ko ma tun kafin ka gama ɗaure madabod a kwango. Kusurwar nan ƙuntatacciya ce, kuma da zarar ƙarafan sanyaya sun rufe ta, sai ka koma lalube da kan yatsu a cikin duhu, ga gefen ƙarafan da kaifi kamar reza.

Katin hoto da wutarsa

Ramin PCI Express da katin ke zama a ciki yana ba da wat 75 da kansa, shi ya sa ƙananan katuna irin GTX 1050 Ti da yawancin GTX 1650 ba sa buƙatar wata waya. Fulogi mai shida yana ƙara wat 75, mai takwas yana ƙara wat 150. Duk soket ɗin da ke jikin katin sai an cike shi, a nan babu zaɓi irin na firosesa, kuma soket mai takwas yana buƙatar shidan da biyun a haɗe, domin ta waɗannan biyun ne katin ke gane cewa wayar za ta iya ba shi wat 150.

Za ka ga waya ɗaya mai kawuna biyu, na biyun ya tsiro daga jikin na farko kamar reshe. Ga katin da ba ya jan wuta sosai, amfani da kawunan biyu na waya ɗaya ba matsala ba ce. Ga babban kati mai soket biyu ko uku, na fi son kowane soket ya samu wayarsa daban tun daga jikin akwatin wuta, domin idan aka ɗora nauyin duka a kan waya ɗaya, ita da mahaɗarta ta jikin akwati su ne ke ɗaukar zafin.

Sai sabon fulogi mai rami 16, manya 12 da ƙanana 4 a jere a gefensu, wanda ya shigo da tsarin ATX 3.0 a 2022 da sunan 12VHPWR, kuma an tsara shi ya ɗauki har wat 600 shi kaɗai. Jim kaɗan bayan fitowar katin RTX 4090 a watan Oktoba na 2022, aka fara samun rahotannin narkewar wannan fulogi, kuma binciken kamfanin Nvidia ya danganta yawancin abin da rashin tura shi har ƙarshe. Ramukansa ƙanana ne, wutar da ke bi ta ciki mai yawa ce, don haka ɗan gibin da ido ba zai kula da shi ba ya isa ya haifar da zafin da zai narkar da roba. Daga baya aka yi masa gyara a tsarin ATX 3.1 da sunan 12V-2x6, inda aka gajarta ƙananan tsinkayen nan huɗu da ke cikin soket, ta yadda idan fulogin bai shiga sosai ba katin ba zai samu izinin jan cikakkiyar wuta ba. Duk da gyaran, ƙa'idar aiki ba ta canza ba: ka tura har ƙugiya ta kama, ka duba da tocilan cewa babu tazara, kada ka lanƙwasa wayar dab da fulogin, ka bar mata kimanin milimita 35 a miƙe kafin ta karkata, sannan ka tabbata murfin gefen kwango ba ya danne ta idan an rufe. Idan akwatin wutarka ba shi da wannan waya, adaftar da ta zo cikin kwalin katin ita ce abin amfani, kuma kowane reshe nata a ba shi wayar PCI-E daban.

Faifan ajiya ba su da wahala. Fulogin SATA siriri ne mai faɗi, bakinsa yana da lanƙwasa irin ta harafin L, yana shiga had dis da SSD mai inci 2.5, kuma a yau ana amfani da shi wajen ba da wuta ga famfon sanyaya da mahaɗar fankoki. Robarsa ba ta da ƙwari, idan aka ja shi ta gefe sai bakin faifan ya ɓalle. SSD irin M.2 da ke kwanciya a jikin madabod ba ya buƙatar waya ko ɗaya. Tsohon fulogin Molex mai manyan ramuka huɗu ya kusa zama tarihi, haka ma ɗan ƙaramin na tsohon faifan fulofi, wanda ya kamata a ambata ne kawai saboda yana iya hawa kan tsinkayen fanka da ke jikin madabod, kuma ba wurinsa ba ne sam. Babu wata wayar wuta daga fawa saflai da ke zuwa kan tsinkayen fanka ko na USB ko na maɓallan gaban kwango.

Wayoyin da ake cirewa daga jikin akwati

Yawancin akwatunan wuta masu ɗan tsada yanzu wayoyinsu ana cire su ana mayarwa, sai mutum ya jona waɗanda yake buƙata kawai. Tsarin yana rage cunkoso, amma ya zo da tarkon da ya fi duk na baya ɓuya. Kan wayar da ke zuwa madabod ko faifai yana bin ƙa'ida ɗaya a duk duniya, amma kan da ke shiga jikin akwatin ba shi da wata ƙa'ida, kowane kamfani yana jera wutarsa yadda ya ga dama, wani lokaci ma kamfani ɗaya yakan sauya tsari daga wani samfuri zuwa wani. Corsair, alal misali, yana raba wayoyinsa zuwa nau'o'i masu lamba, yana kuma wallafa jadawalin wace waya ta dace da wane akwati.

Wani matashi ya taɓa kawo mini kwamfutarsa bayan ya sauya fawa saflai. Ya ga wayoyin tsohon an riga an shimfiɗa su da kyau a bayan kwango an ɗaure da roba, sai ya ga babu dalilin kwance su, ya zare su daga tsohon akwati ya soka a sabon. Sun shiga sumul, ƙugiyoyi sun kama. Da ya kunna, kwamfutar ta tashi, amma faifansa biyu ba su bayyana ba. Da muka juya had dis ɗin muka duba allon da ke ƙarƙashinsa, sai ga wani ɗan baƙin abu kamar ƙwayar gero kusa da bakin wuta ya fashe, robar da ke kewaye da shi ta yi ƙuna, warin bai ma gama fita ba. Mitar auna wuta ta nuna bolt 12 a ramin da ya kamata a samu bolt 5. Hotunan bikin gidansu na shekaru da takardun karatunsa duk suna ciki.

Don haka idan ka sauya akwatin wuta, ka kwance wayoyin tsohon duka, ka sa su a leda tare da shi, ka yi amfani da waɗanda suka zo cikin kwalin sabon kawai. Idan kuma ka sayi na hannu a kasuwa aka haɗa maka da wayoyin da ba ka san asalinsu ba, kada ka jona su da wani abu mai daraja sai an auna kowane rami da mita.

Ka kuma lura da wane kai ne na akwati, wane ne na na'ura. Wasu wayoyin an rubuta PSU a kan da ke shiga akwati, kuma kan da ke rabuwa huɗu da huɗu ko shida da biyu shi ne kullum na ɓangaren madabod ko kati. A jikin akwatuna da yawa za ka ga jerin soket da aka rubuta musu CPU/PCI-E tare, ma'ana kowace daga cikin wayoyin biyu tana iya shiga nan. Wannan tarayya a jikin akwati kawai take, ba ta nufin wayoyin sun zama ɗaya a ɗaya ƙarshen.

Akwai kuma batun kwamfutocin ofis na hannu, irin Dell OptiPlex da takwarorinsu na HP da Lenovo, waɗanda suka cika kasuwanninmu saboda sauƙin kuɗi, kuma matasa da yawa kan saya da niyyar ƙara musu katin hoto da fawa saflai mai ƙarfi. Da yawa daga cikinsu ba sa bin tsarin rami 24 ko kaɗan: za ka samu babban soket mai shida ko takwas a Dell, mai shida a HP, mai goma ko goma sha huɗu a Lenovo, kuma faifan ajiya daga jikin madabod suke samun wuta. Mai takwas ɗin ba na firosesa ba ne, mai shidan kuma ba na katin hoto ba ne, duk da kamannin. Ana sayar da adaftocin da ke haɗa akwatin wuta na gama-gari da irin waɗannan alluna, amma kowace adafta da samfurin da aka yi ta dominsa, don haka sai an duba lambar samfurin kwamfutar kafin a saya.

Tun da an zo kan adafta, akwai guda ɗaya da ba na yarda da ita ko kusa, wato wadda ke mayar da fulogin SATA ya zama na katin hoto. Layin bolt 12 na fulogin SATA bai wuce wat 54 ba a ƙa'ida, soket mai shida kuwa yana iya neman wat 75, mai takwas wat 150. Idan akwatin wuta bai zo da wayar PCI-E ba, alama ce cewa ba a ƙera shi domin ɗaukar irin wannan kati ba tun farko, kuma araha ba ta ado.

Gwaji da kunnawa ta farko

Ana iya gwada fawa saflai shi kaɗai kafin a jona shi da komai. A babban fulogi akwai waya kore guda ɗaya, wadda madabod ke haɗawa da layin ƙasa idan an danna maɓallin kunnawa. Idan ka riƙe fulogin ramukansa suna kallonka, ƙugiyarsa tana sama, rami na huɗu daga hagu a layin sama shi ne na koren, na biyar kuma na ƙasa ne. Da makunnin baya a kashe, ka lanƙwasa kilif ɗin takarda ka haɗa waɗannan ramuka biyu, sannan ka kunna. Fankar akwatin za ta juya, ko da yake wasu sababbin akwatuna fankarsu takan ɗan motsa ne ta tsaya saboda ba ta aiki sai an ɗora musu nauyi. Wasu kamfanoni sukan sa ɗan murfin roba na wannan gwaji a cikin kwali, kuma ya fi kilif aminci ga wanda wayoyinsa duka baƙaƙe ne. Idan kana da mita, layin bolt 12 ya kamata ya nuna tsakanin 11.4 da 12.6, na bolt 5 kuma tsakanin 4.75 da 5.25.

Bayan ka jona komai, kafin ka mayar da wayar bango, ka bi kowane fulogi da yatsa ka ɗan ja shi a hankali, wanda ƙugiyarsa ta kama ba zai motsa ba. Ka kau da wayoyin da ba a yi amfani da su ba daga hanyar fankoki, ka bar murfin gefe a buɗe domin ka ga abin da ke faruwa, sannan ka kunna.

Idan babu abin da ya motsa ko kaɗan, ka fara da makunnin bayan akwati, sai babban fulogi mai 24 a ƙarshensa biyu, domin a akwatin da ake cire wayoyinsa kan da ke shiga akwatin sau da yawa gida biyu ne, mai 18 da mai 10, kuma ana mantawa da ɗaya. Idan fankoki sun juya, fitilu sun kama, amma allon kallo bai nuna komai ba, abin da aka fi samu shi ne an manta da wayar firosesa ko ba ta shiga sosai ba, kuma a madabod mai ƙananan fitilun bincike huɗu, masu rubutun CPU da DRAM da VGA da BOOT, fitilar CPU ce za ta tsaya a kunne. Idan ta VGA ce ta tsaya, ka koma kan wayoyin katin hoto, musamman ɗan ƙaramin mai biyu da ke yawan zamewa daga jikin mai shida. Idan kuwa fanka ta yi juyi ɗaya ta mutu, ko ka ji ɗan ƙara daga cikin akwati, kariyar akwatin ce ta katse wuta saboda ta ga wani abu ba daidai ba, don haka kada ka yi ta maimaita dannawa. Ka zare wayar bango, ka cire duk wayoyi ban da babban fulogi da na firosesa, ka sake karanta rubutun jikin waɗannan biyun, ka kunna, sannan ka riƙa mayar da sauran ɗaya bayan ɗaya, kana kashe wuta tsakanin kowace biyu, har ka kai ga wadda ke jawo katsewar.